Shirun da ke cikin kiran bidiyo, da abin da ya nuna mini game da koyon magana

A faifan hirar farko da na naɗa akwai wani wuri da na maimaita kallonsa fiye da sau goma. Abokin hirata ya tambaye ni da Faransanci abin da na yi a ƙarshen mako, tambayar da babu wata wahala a cikinta, sai na ga kaina a allon kwamfuta na ɗaga ido sama, leɓɓana suna motsi babu sautin da ya fito, har kusan sakan huɗu suka wuce kafin na furta kalmar farko. Lokacin da ake hirar ban ji tsawon wannan shiru ba ko kaɗan, domin a cikin kaina aiki ake ta yi: ina laluben kalmar aikatau, ina neman yadda za ta sauya idan abin ya riga ya faru, ina kuma tunanin ko sunan da zan ambata namiji ne ko mace. Tun daga ranar na fara ɗaukar kiran bidiyo a matsayin abu biyu, wato wurin da nake gwada magana, da kuma wurin da nake nazarin yadda maganar take fitowa.

Na yi shekaru ina karanta Faransanci kafin na yarda na buɗe baki da shi a gaban wani. Ina fahimtar labaran jarida, ina bin shirye-shiryen rediyo, amma idan aka ce in haɗa jimla uku a jere sai harshena ya yi nauyi. Daga baya na gano cewa masana sun daɗe da sanin wannan hali. A shekarar 1985 Merrill Swain ta yi bayani kan yaran Kanada masu jin Ingilishi waɗanda ake koya wa darussan makaranta da Faransanci tun suna ƙanana. Bayan shekaru suna sauraro, fahimtarsu ta kusa kai ta 'yan asalin harshen, amma idan suka zo yin magana ko rubutu nahawunsu yana nan da giɓi. Abin da ta fitar daga wannan shi ne, mai sauraro yana iya kama ma'ana ba tare da ya kula da ƙananan ƙa'idoji ba, alhali mai magana dole ne ya zaɓi kowace kalma ya ajiye ta a muhallinta, kuma a wannan tilas ɗin ne yake gano abin da bai iya ba. Kafin ita, ra'ayin Stephen Krashen ne ya fi tashe, wanda ke cewa harshe yana shiga mutum ne ta hanyar jin abin da yake iya fahimta. Ban taɓa ganin ra'ayoyin biyu a matsayin abokan gaba ba, amma halin da na tsinci kaina a ciki ya fi kama da na yaran da Swain ta bayyana.

Tsarin da muka bi ni da abokin nawa tsohon tsari ne na musayar harshe tsakanin mutum biyu: shi yana koyon Hausa, ni ina koyon Faransanci, mu raba awa ɗaya gida biyu, rabi da wannan harshe rabi da wancan, kowa ya zama ɗalibi sannan ya zama mai taimako. An yi irin wannan musaya ido da ido, an yi ta wasiƙar imel a shekarun 1990, sannan da manhajar Skype ta fito a 2003 kuma aka ƙara mata bidiyo bayan 'yan shekaru, jami'o'i suka rungume ta. Shirin Teletandem na Jami'ar Jihar São Paulo a Brazil, wanda aka fara a 2006, yana cikin waɗanda suka fi suna wajen haɗa ɗalibansu da na ƙasashen waje ta wannan hanya. Skype kanta an rufe ta a watan Mayun 2025, amma Zoom da WhatsApp da makamantansu sun riga sun mayar da abin ruwan dare.

Abin da ya sa kiran bidiyo ya dace da nazari shi ne sauƙin naɗa. A da mai bincike sai ya shiga aji da kyamara da na'urar ɗaukar murya, ya kafa su a kusurwa, ɗalibai suna ta satar kallonsu. A kiran bidiyo kuwa kyamarar ita ce ƙofar hirar tun asali, kowa yana fuskantarta, muryar kowa tana kusa da makirufo, danna maɓalli ɗaya kawai ya rage. Duk da haka ban taɓa danna shi ba sai da na nemi izinin abokin nawa, muka kuma yi yarjejeniya cewa faifan ba zai bar kwamfutocinmu ba, kuma duk wanda ya so a goge wani sashe za a goge. Ina ganin wannan sharaɗi ne da bai kamata a yi wasa da shi ba, domin mai koyon harshe yana bayyana rauninsa ne a fili, kuma ba zai saki jiki ya yi kuskure ba idan bai san inda kuskuren zai je ba.

Abu na farko da faifan ya nuna mini ya shafi rana da wata. A Hausa rana mace ce, wata kuma namiji, muna cewa rana ta fito, wata ya tsaya. A Faransanci abin a juye yake, rana namiji ce, wata kuma mace. Na san wannan ƙa'ida sarai, da an tambaye ni a takarda da na amsa daidai. Amma a hira ɗaya na ce "la soleil" har sau uku, kuma duk lokacin da na faɗa sai abokin nawa ya gyaɗa kai, ya maimaita jimlar tawa cikin natsuwa da "le soleil", sannan ya ci gaba da magana. Ni kuma a faifan sai in ga kaina ina cewa e, haka ne, ina wucewa. Ban ji gyaran ba ko sau ɗaya. Kunnena ya ɗauke shi a matsayin amincewa da abin da na faɗa, domin hankalina yana kan ma'ana, kuma ma'anar ba ta sauya ba.

Wannan irin gyara a fakaice, inda mai taimako ke maimaita maganarka a daidai ba tare da ya ce ka yi kuskure ba, shi ne wanda Roy Lyster da Leila Ranta suka samu ya fi yawa a azuzuwan Faransanci da suka nazarta a Kanada a 1997. Fiye da rabin gyaran da malamai suka yi na wannan nau'i ne, kuma shi ne wanda ɗalibai suka fi bari ya wuce ba tare da sun nuna alamar sun kama ba. Richard Schmidt ma ya ga haka a kansa lokacin da yake koyon harshen Fotugis a Brazil yana rubuta abin da ya lura da shi kullum, har ya kai ga ra'ayin da ya bayyana a 1990 cewa abin da mai koyo bai lura da shi ba da wuya ya shiga bakinsa. Hausawa sun ce laifi tudu ne, ka taka naka ka hango na wani, kuma na tabbatar da hakan, domin a rabin hirar da ake yi da Hausa ina jin duk inda abokin nawa ya gajarta wasalin da ya kamata ya ja, ko ya furta ƙ kamar k, amma nawa sai da faifai ya ajiye mini shi a gaba. Bayan haka muka sauya tsari. Idan na yi kuskuren da ya san na san ƙa'idarsa, ba ya ba ni amsa, sai ya ɗan dakata ya ɗaga gira, ko ya maimaita kalmar da muryar tambaya, ni in nemo gyaran da kaina. Hirar ta ɗan rage daɗi, amma kuskuren "la soleil" bai kai wata guda ba ya ɓace.

Batun shiru ne ya fi cinye mini lokaci, kuma a nan ne nake ganin duk mai son nazarin magana ta kiran bidiyo ya kamata ya yi taka-tsantsan. Da farko na riƙa auna tsawon lokacin da nake ɗauka kafin in amsa tambaya, ina rubutawa, ina ɗaukar raguwarsa a matsayin shaidar ci gaba. Wata rana muka naɗa hira ɗaya ta ɓangarorin biyu, ni a kwamfutata shi a tasa, muka kwatanta. A faifaina, ni ne mai saurin amsawa, shi ne mai jinkiri. A nasa kuwa, shi ke amsawa nan take, ni nake jan ƙafa. Hira ɗaya ce, mutane ɗaya ne, amma shaidar biyu ta saɓa.

Dalilin ba ɓoyayye ba ne idan aka zauna aka lissafa. Idan ya gama tambaya, muryarsa tana ɗaukar ɗan lokaci kafin ta iso gare ni, sannan amsata ma tana ɗaukar ɗan lokaci kafin ta koma gare shi. Saboda haka a kunnensa, da kuma a faifansa, shiruna ya ƙunshi tunanina tare da tafiyar sauti zuwa da dawowa. Wannan ƙari yana iya zama kamar ba komai ba, sai an tuna yadda 'yan Adam suke karɓar magana daga bakin juna. Binciken da Tanya Stivers da abokan aikinta suka wallafa a 2009, wanda ya duba hira a harsuna goma daga sassan duniya daban-daban, ya nuna cewa tazarar da ke tsakanin tambaya da amsa a matsakaici kusan milisakan 200 ce, wato kashi ɗaya cikin biyar na sakan. Shirya kalma ɗaya tak a ƙwaƙwalwa kafin a furta ta yana cin kusan milisakan 600, wanda ke nufin mai amsa yana fara shirya amsarsa tun mai tambaya bai rufe baki ba, yana hasashen inda jimlar za ta ƙare. Hukumar sadarwa ta duniya, ITU, ta ba da shawarar cewa jinkirin sauti daga wannan ɓangare zuwa wancan kada ya wuce milisakan 150 idan ana son hira ta tafi yadda aka saba, kuma idan ya haura 400 abin ya lalace. Julie Boland da abokan aikinta a Jami'ar Michigan ta Amurka sun gwada masu hira da harshensu na uwa, suka samu cewa tazarar karɓar magana a Zoom ta ninka ta hirar ido da ido fiye da sau uku, fiye da abin da jinkirin layin kaɗai zai iya jawowa, domin jinkirin ba ya tsayawa wuri ɗaya, yana hawa yana sauka, sai ya rikita kunnen da ke ƙoƙarin kama lokacin da ya dace ya shigo.

Idan haka ta faru da mai magana da harshen da ya tashi da shi, to mai koyo nauyi biyu ne a kansa. Yana fama da neman kalma, yana kuma fama da layi. Abin da ya fi damuna shi ne yadda mai taimako, saboda kyakkyawar niyya, yake cike wannan shiru. Na ƙirga a faifai ɗaya wurare bakwai da na buɗe baki zan amsa, amma kafin sautina ya isa gare shi ya ɗauka ban gane ba, ya sake tambayar da kalmomi masu sauƙi. Muryoyinmu suka yi karo, kowa ya ja baya, kowa ya ce wa ɗan'uwansa ci gaba, kuma a biyar daga cikin bakwai ɗin shi ne ya ci gaba. Jimlolin da na riga na haɗa a kaina, waɗanda su ne dalilin zaman gaba ɗaya, ba su fito ba. Da muka kalli wuraren tare sai muka yi alkawarin cewa duk wanda ya yi tambaya zai ƙirga zuwa biyar a zuciyarsa kafin ya sake cewa komai. Na yi masa irin wannan laifi a rabin Hausa fiye da yadda ya yi mini, kuma riƙe baki na sakan biyar alhali ka san kalmar da mutum yake nema yana da wuya fiye da yadda ake zato.

Daga nan na daina auna shirun da ke gaban amsa, na koma auna wanda ke cikin maganata, domin shi layi ba ya taɓa shi muddin a kwamfutata aka naɗa. Masu nazarin sakewar harshe, wato iya magana ba tare da sarƙewa ba, suna bambanta dakatawar da ke zuwa a ƙarshen sashen jimla, wadda kowa ke yi ko da harshensa na uwa yana shirya abin da zai faɗa gaba, da dakatawar da ke faɗowa a tsakiyar sashe, misali tsakanin aikatau da abin da aka aikata, wadda ta fi yawa a bakin mai koyo domin kalma ce ta ɓace masa. Akwai manhajar Praat, wadda Paul Boersma da David Weenink na Jami'ar Amsterdam suka ƙirƙira kuma ake samunta kyauta, tana zana sauti a allo har mutum ya ga kowane shiru da idonsa ya auna shi. Ba na bin awa guda da ita, domin rubuta hira kalma bayan kalma aiki ne da ke cin ninkin tsawonta sau da yawa. Minti biyu na riƙa zaɓa a kowane mako, in rubuta su yadda suka fito da duk wani "am" da "to" da ke ciki, in sa alama a inda na tsaya. A watannin farko yawancin alamomin suna tsakiyar sashe ne. A hankali suka fara matsawa zuwa ƙarshe, ko da yake yawansu bai ragu sosai ba, kuma wannan matsawa ita ce abin da na fi amincewa da shi cikin duk abin da na auna.

Fuska ma tana da nata labarin. Amfanin bidiyo a kan kiran murya zalla shi ne ana ganin baki, kuma idon mutum yana taya kunnensa ji fiye da yadda ya sani. Harry McGurk da John MacDonald sun nuna a 1976 cewa idan aka haɗa sautin "ba" da hoton leɓɓan da ke furta "ga", mutane da yawa "da" suke ji. Wasalin Faransanci da ake rubutawa da u, wanda ake furtawa da harshe a gaba kamar za a ce i amma leɓɓa a zagaye, ban kama shi ba sai da abokin nawa ya matso kusa da kyamara ya nuna mini bakinsa. Sai dai idan intanet ya yi rauni har hoto ya rabu da sauti, wannan taimako yana komawa cikas, kuma a irin wannan lokaci gara a kashe bidiyon a bar murya. Akwai kuma ƙaramin hoton kanka da ke gefen allo. Jeremy Bailenson na Jami'ar Stanford ya lissafa shi a 2021 cikin dalilan gajiyar da ke biyo bayan dogon kiran bidiyo, domin kamar a riƙe wa mutum madubi ne a gabansa duk tsawon hira. Fargabar magana da baƙon harshe abu ne da Elaine Horwitz da abokan aikinta suka tsara ma'auninsa tun 1986, kuma ban ga amfanin ƙara wa mai fargaba kallon fuskarsa yana laluben kalma ba. Ina ɓoye hoton nawa da zarar an fara, in bar kallon kai sai lokacin bitar faifai.

Tambayar da William Labov ya bar wa masu nazarin harshe tun 1972 tana nan daram: muna son sanin yadda mutane ke magana idan ba a kallonsu, amma ba mu da hanyar sani sai ta kallonsu. A makonnin farko jan ɗigon da ke nuna ana naɗa ya sa ina zaɓar jimlolin da na tabbatar da su, gajeru, marasa haɗari, har maganata ta yi tsabta a faifai fiye da gaskiyarta. Maganin da na samu shi ne naɗa kowace hira ba tare da zaɓe ba, sannan in ɗauki minti biyun nazari daga tsakiya, inda zance ya yi zafi har na manta da kyamarar. A nan ne kurakuran gaskiya suke, kuma a nan ne nake samun jimlolin da ban san na iya haɗawa ba.

Akwai wata dabarar aji da Paul Nation ya nazarta a 1989, inda ɗalibi ke ba da labari ɗaya sau uku ga masu sauraro daban-daban, da farko cikin minti huɗu, sannan uku, sannan biyu. Mun ɗan sauya ta saboda mu biyu ne kawai: in ba da labarin a farkon hira, in maimaita shi a ƙarshe, sannan in sake shi a mako mai zuwa. Faifan yana nuna yadda dogayen shiru ke narkewa daga karo na farko zuwa na uku, amma yana nuna wani abu kuma, cewa kuskuren da ba a gyara ba tsakanin karo da karo yana ƙara zama daram, ana furta shi cikin sauri da ƙarfin gwiwa. Saboda haka ba na maimaitawa sai na saurari na farko na gyara abu ɗaya ko biyu.

Iyakar wannan hanya ta bayyana gare ni ranar da abokin nawa ya gayyato wasu mutum biyu cikin kiran. Bayan watanni muna hira ya saba da lafazina, ya san kalmomin da na sani, yana rage gudu ba tare da ya sani ba, ni ma kunnena ya saba da muryarsa. Da baƙin suka fara magana da junansu da irin gudun da suka saba, suna katse juna suna dariya, sai na koma ɗan kallo, kuma a minti ashirin ban furta abin da ya wuce jimla huɗu ba. Duk alamomin da na tara a takarda gaskiya ne, amma gaskiyar hira ce da mutum ɗaya mai haƙuri a ɗaki marar hayaniya. Yanzu sau ɗaya a wata muna shigo da wani wanda bai taɓa jin muryata ba, tare da izininsa mu naɗa, kuma daga wannan faifan nake ɗaukar minti biyun da zan rubuta. A na watan jiya shirun da ke tsakiyar jimlolina ya dawo kusan yadda yake a farko, sai dai a wurare uku na ga kaina na shiga maganar tun kafin a juyo a tambaye ni.